Ƙasar Rijiya a Ƙulli Ɗaya

Duk wanda ya san gidanmu a Mubi, mutum biyu ya sani: Dada mai awon hatsi, da 'yarta mai wanke ƙasa. Ni ce Saude, babbar 'yar, ina sayar da atamfa a kasuwa, kuma ba a cika tunawa da ni ba sai an tashi fitar da anko. Mai wanke ƙasar ƙanwata ce Dijatu. Labarinta zan bayar, don na gaji da jin mutane suna bayar da shi a karkace, wasu ma har suna cewa zinariya take nema.

Shekarar da aka yanka jihar Adamawa aka sa ta a firamare. Mahaifinmu bai daɗe bayan nan ba ya rasu, Dada ta riƙe mu da mudu da buhu. Dada Bafillatanar Mayo Bani ce, ba ta taɓa shiga aji ba, amma in ta damƙi dawa ta murza a tafin hannu za ta gaya maka ta bana ce ko ta bara. Ni na gado bakinta, Dijatu ta gado kafiyarta. Yarinyar nan in ta ce a'a, ko ka kwana kana magana, sai dai ka gaji ka sha ruwa.

Ta yi karatun duwatsu a jami'a, abin da har yau ban san wanda ya ba ta shawararsa ba. Ta dawo tana koyarwa a wata sakandare ta hanyar Mayo Bani, kullum a bayan acaɓa, lokacin ba a hana su ba. Maganar aure kuwa kada ma ka tayar, mun yi mun bari. Ana nan sai ta ce za ta ƙara digiri na biyu a Yola, tana koyarwa tana zuwa can lokaci-lokaci. Na ce mata duwatsun Mubi ba su ishe ta ba ne, ga su nan sun kewaye mu ta ko'ina? Ta ce namu duwatsun wuta ce ta dafa su, babu komai a cikinsu. Waɗanda take so suna wajen Numan da Guyuk, inda teku ta taɓa kwanciya.

Muna cin tuwo ta faɗi haka. Dada ta ajiye loma ta ce ai kowa ya san ruwan Ɗufana. Dijatu ta ce ita dai wannan da take magana ya riga mutane zuwa duniya da nisa, shekaru miliyan wajen casa'in. Dada ta yi istigfari, ta ƙara mata miya, ta ce boko ne, zai sake ta.

Bai sake ta ba. Tsakar gidanmu ta koma wurin wanki, amma ba na tufafi ba. Za ta samo ɓallin laka busasshiya, ta farfasa, ta jiƙa a kananzir, ta tsiyaye, ta zuba ruwan zafi har ta narke. Sannan ta wanke a wata rariyar ƙarfe wadda idonta ya fi na rariyar tankaɗe ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ta yi ta wanki har ruwa ya fita fari. Abin da ya rage bai cika cokali ba, shi za ta shanya a faranti ta rufe, ta kora kaji, ta kora 'ya'yana, ta kora ni. Rariyar nan ko taɓa ta ba a yi. In ta gama da ƙasa ɗaya sai ta goge ta da buroshi kamar za ta huda ta, kafin ta zuba wata.

Wata rana na je sarin kaya Yola, ta ja ni ɗakin bincikensu don in daina yi mata dariya. Ta zaunar da ni gaban madubin nan mai ƙara girman abu, ta ce in rufe baki in buɗe ido. Wallahi na yi zaton yashi zan gani. Sai ga wasu 'yan ƙwanso, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, amma an ƙera shi tsaf. Suna da sunayensu na boko masu karya harshe, ita kuma ta raɗa musu na gida saboda mu. Akwai 'yan wake, masu kama da wake an ɓare shi biyu. Su ruwa marar zurfi suke so, kusa da gaɓa, har inda ruwan kogi yake shiga na gishiri. Akwai magina, waɗanda suke tsintar yashi ƙwaya-ƙwaya su liƙa su yi ɗaki. Su ne masu haƙuri, suna iya zama a ƙasan ruwan da ya tsaya ya yi wari, inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci har sauran suka gudu. Sai 'yan kitso, jerin ƙulli biyu-biyu kamar kalaba, masu yawo a saman ruwa. Su in ka gan su da yawa, to tekun ta buɗe, ta yi zurfi.

Ta ce kowane ruwa da irin mazaunansa. In ta ga waɗanda suka mutu a cikin laka, ta san irin ruwan da ya kwanta a wurin, zurfinsa da gishirinsa da ko yana da iska. Amma duk wannan rabin aiki ne. Abin da ke ƙasa ya riga na sama kwanciya, don haka sai ta san wace laka ce a ƙarƙashin wace, sannan za ta iya cewa ga yadda tekun ta shigo, ga inda ta yi wari, ga yadda ta janye. Tambayar da ta ɗaura wa kanta ke nan: a wannan yankin, sau ɗaya tekun ta shigo ta fita, ko sau biyu? Na ce to in sau goma ne, me zai ƙara wa farashin atamfa? Ta ce babu. Ta ce ita dai tana so ta sani, kuma sai ta sani.

Matsalarta ita ce samun ƙasa a jere. A gefen kwari ruwan sama ya wanke, ciyawa ta rufe, wani wurin ya zube. Ta yi shekara tana yawo tana dawowa da guntu-guntu. Mafita ta zo ta hannun Ezekiya, mutumin Bahuli, mahaƙin rijiya, wanda shi ya haƙa ta gidanmu tun muna yara. Da ranin shekarar 2014 ya samu aiki a wani ƙauye a ƙasar Guyuk. Ya zo awon masara wurin Dada kafin ya koma, yana ba ta labarin wai rijiyoyin can in ana haƙa har katantanwa ake tonowa, ta zama dutse. Dijatu tana gefe tana ji. Washegari ta riga shi isa tasha.

Hutun makaranta gaba ɗaya a bakin ramin nan ta yi shi. Masu haƙa da gaba suke auna zurfi, wato tsawon hannu biyu in an ware. Duk rabin gaba sai Ezekiya ya ɓallo mata sabuwar ƙasa daga bango ya sa a guga a jawo, ita kuma ta zuba a leda, ta rubuta lamba, ta ƙulle. Ya ce bai taɓa ganin wanda ake haƙa wa rijiya yana murna da ƙasa ba ruwa ba. Ta dawo Mubi baƙa ƙirin, da ledoji sun fi arba'in, ta jera su a ɗakinta bin bango. Rijiyar kuwa da aka cim ma ruwa aka zura mata zoben siminti daga ƙasa har sama, bangon ya rufu ke nan har abada.

Wanki yana cin lokaci, ga koyarwa. Kafin ƙarshen damina 'yan kaɗan ta wanke, su ma tsalle-tsalle, don ta ga abin da ke ciki. Su ta ɗauka ta tafi Yola nuna wa malaminta a ƙarshen watan Oktoba. Tana can 'yan tada ƙayar bayan nan suka shigo Mubi da bindigogi.

Ba zan ba da labarin ranar ba, duk wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Kowa daga inda yake ya gudu. Ni daga kasuwa na bi ta makarantar yara na kwashe su, muka bi ayari, ban ko waiwayi gida ba. Dada a ranar ba ta fita ba, ƙafa na damunta, tana gida ita kaɗai. Da muka isa Yola da ƙyar, Dijatu ta tare ni da tambaya ɗaya, ni ma ita na zo da ita. Babu wanda ya ga Dada.

Makonni muka yi a haka. Dijatu ta bar ɗakin bincike, ta koma zaman tasha da sansanonin 'yan gudun hijira, tana leƙa fuskar kowace tsohuwa. Ko sau ɗaya ban ji ta ambaci ledojinta ba, wannan shaida zan ba ta ko a gaban wa. Sai wata ranar da hantsi aka kira mu, wai an sauke wasu daga babbar mota, waɗanda suka bi ta duwatsu suka faɗa Kamaru aka zagayo da su.

Tana cikinsu. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura sun tsage, wuyanta ya ƙage ba ya juyawa. Ba ta da mayafi, ba ta da takalmi. Amma a gefenta akwai ƙulli a cikin zanenta na fita biki, ta dafa shi da hannu ɗaya. Muka yi kuka muka ƙoshi. Da muka kai ta ɗakin da muke haya, ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kawo ƙullin gaban Dijatu. Ta kwance da kanta, fuskarta har haske take yi.

Ƙasa ce. Baƙa da toka-toka da fara-fara, ɓalli da gari, duk a haɗe.

«Ga karatunki,» in ji Dada. «Ba zan iya ɗaukar duka ba, sun yi nauyi. Sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace leda na ɗibi cikin hannu. Ban tsallake ko ɗaya ba, Dija, har ta bayan ƙofa.»

Ka ji fa. Ana harbi a bakin unguwa, tsohuwa ta tsaya tana kwance leda arba'in da wani abu, tana awo. Ta bar kuɗin cinikinta, ta bar maganin ƙafarta. Kuma ta yi abin da kowace mai awo za ta yi in ragowar hatsi ta watsu a ƙananan buhuna kuma tafiya ta kama: ta juye wuri ɗaya, don kaya ɗaya shi ke zama a ka. A hanya mutane sun yi ta ce mata ta yar, har wani ya ce tsohuwa ta zautu, ƙasar garinsu ta ɗauko. Ta ce musu karatun 'yarta ne.

Ni na san abin da ake nufi da wannan ƙulli, don an zaunar da ni gaban madubi an yi mini bayani. Na dubi Dijatu. Sai ta durƙusa ta kama ƙafafun Dada, ta ce Allah ya saka da alheri, Allah ya biya ta da Aljanna, ta ce ba ta da abin da za ta biya wannan. Da muka fita ɗebo ruwa ta damƙe hannuna har ya yi zafi, ta ce, «Adda, in kika faɗa mata, ni da ke har abada.» Ni da bakina ba ya riƙe ko gishiri, na riƙe wannan.

Sauran fatan shi ne abin da ya rage a gida. Da aka ƙwato gari, hanya ta buɗe, muka je dubawa. An ɓalle ƙofofi. Masu neman abin ɗauka sun ga ledoji a ƙulle a jere, sun zaci wani abin kirki ne, suka farke su ɗaya bayan ɗaya suka watsar a tsakar gida. Awakin da suka rasa masu su sun kwana a kai. Dijatu ta tsaya ta duba, ta ɗauki tsintsiya ta share. Muka nemi Ezekiya, ko shi zai tuna yadda ƙasar ta bi da bi. Matarsa Salomi ta ce tun ranar da aka watse ya fita neman ɗansu, ɗan ya dawo, shi bai dawo ba. Har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

Da wata ce, da ta haƙura. Malaminta ma, mutumin kirki, ya ce ta sauya batu, ta ɗauki wanda za ta gama daga littattafai, kowa ya san abin da ya faru da mutanen Mubi, babu mai ganin laifinta. Ya ce in ba haka ba, lokacin da makaranta za ta iya ɗaga mata yana da iyaka, in ya wuce an rufe. Ta ce ta gode, a bar mata batunta.

Ta dawo kan ƙullin Dada. Ta tsince duk ɓallin da bai farfashe ba, ta kankare bayansa, ta wanke kowanne shi kaɗai. Shekara guda tana wannan, bayan mun koma Mubi an buɗe makarantu. Ta samu 'yan wake, ta samu magina, ta samu 'yan kitso, kyawawa ma kuwa. Ta san duk irin ruwan da ya taɓa kwanciya a wurin. Amma wanne ya riga wanne, babu hanyar sani, don 'yan kaɗan ɗin da ta kai Yola tsalle-tsalle ne, ba su isa su nuna jeri ba. Garin da ya taru a gindin zanen kuwa, da ta wanke ta duba, ta ce mini sai ga su duka a faranti ɗaya, waɗanda ba su taɓa zama ruwa ɗaya ba, tsakaninsu ma akwai dubban shekaru. Ta ce ta yi dariya ita kaɗai a ɗakin binciken, daga nan kuma ta kife kai a tebur.

A gida kuma Dada tana ta ba da labari. Duk wanda ya zo jaje sai ya ji yadda ta hau dutse ta sauka da karatun Dija a ka. In ta ga Dijatu tana wanki a tsakar gida sai ta gyara zama ta ce wa baƙi, «Wannan da kuke gani, ni na kawo.» Wuyan bai sake komawa daidai ba, awo ma ta bari, amma ba ta taɓa kuka da shi ba. Ni kuwa ina gefe ina haɗiye magana. Wani lokaci haushin Dijatu nake ji, wani lokaci na Dada, wani lokaci ban san na wa ba.

Dijatu ba ta daina bibiyar ƙauyen nan ba. Duk wanda ta ji zai bi ta Guyuk sai ta ba shi saƙon gaisuwa ga mai gari. Da ranin 2016 saƙo ya dawo. 'Yan gudun hijira da yawa sun zauna a ƙauyen sun ƙi komawa, rijiya ɗaya ta kasa, mata har faɗa suke yi a bakinta. Gari ya yanke shawarar haƙa ta biyu, jifa ɗaya daga ta farko. Wannan ne ranin ƙarshe da ya rage mata kafin makaranta ta rufe ƙofa.

Ta sayo sababbin ledoji ta zauna a tabarma tana rubuta musu lamba. Dada tana kishingiɗe tana kallo. Ta tambaya me za a yi da wata ƙasar, wadda ta kawo ta ƙare ne? Dijatu ta ce ƙari ake so. Sai Dada ta ce, to wannan rubutu da ake yi wa kowace leda, na mene ne, tunda duk rami ɗaya za su fito? Dijatu ba ta iya ƙarya ba, ta fara kame-kame, wai don kada a manta ne. Na tashi zan bar wurin, Dada ta ce in zauna.

Ta daɗe tana kallon ledojin. Mace ce da ta yi shekara talatin tana raba iri da na ci. Ta san in aka haɗa farfara da kaura a buhu ɗaya, za a ci tuwo, amma manomi ba zai saya ya shuka ba.

«Dija,» ta ce, «dube ni. Na haɗa iri, ko?»

Dijatu ta sunkuyar da kai.

«Tun ranar kin sani?»

«Na sani, Dada.»

«Kika bar ni ina ta faɗa wa mutane.»

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta juya fuska bango da wuyan nan nata da ba ya juyawa sai da jiki duka. Abincin rana ya huce a gabanta, na yamma ma haka. Dijatu ta yi ta ba ta haƙuri, tana cewa ita ba ta taɓa ganin an yi wa wani abin da aka yi mata ba, kuma gaskiya ta faɗa. Da safe muka tashi muka tarar Dada ta ɗaure kayanta, ta zauna a bakin ƙofa da mayafi. Ta ce da ita za a je. Na ce da wace ƙafar? Ta ce da wadda ta je Kamaru. Dole na rufe shago na bi su, don ba zan bar masu kafiya biyu su tafi su kaɗai ba.

Masu haƙar wannan karon samarin garin ne, ba su san aikin Ezekiya ba. Suna sauri, ƙasar sama tana zubowa kan ta ƙasa, su kwaso duk abin da diga ta samu su turo. Dijatu ta duba guga biyu ta ce ba zai yiwu ba, ita za ta riƙa sauka ta ɓallo da hannunta. Aka yi ta gardama. Dattawa suka ce ba a taɓa ganin mace a cikin rijiya ba, in wani abu ya faru me za su ce? Ta ce su ce ita ta nema. Mai gari ya dubi Dada, yana jira uwa ta hana. Dada ta ce a duba igiyar da kyau.

Haka aka yi ta yi har makonni. In samari suka ci rabin gaba sai su fito su huta, a ɗaura wa Dijatu igiya a ƙugu, ta sa wandon makaranta a ƙarƙashin zane, a zura ta da guduma da leda ɗaya. Ɗaya tak, Dada ce ta kafa wannan doka, ba a sauka da biyu. In ledar ta fito a guga, babu mai taɓa ta sai Dada. Ba ta iya karanta lamba ba, kuma ta ce ba ta yarda da ita ba. Ta share wuri a inuwar wata tsamiya, ta riƙa jera su a layi, tsakanin kowace da kowace taki guda, ta zauna a kai da sanda. Yara da awaki duk sun san sandar nan.

Da rami ya yi zurfi aka shiga baƙar laka, mai ɓarewa falle-falle, mai warin ƙwai. Nan ne tsorona ya kai maƙura. Iska ta yi ƙaranci a ƙasa, samari ma sai an yi ta kaɗa musu ganye a guga kafin su sauka. Wata rana aka jawo Dijatu idonta ya juye, aka kwantar da ita aka yayyafa mata ruwa. Na yi rantsuwa ba za ta sake sauka ba, na zage ta, na zagi tekun, na zagi 'yan kitso da iyayensu. Ta farfaɗo ta ce ina ledar? Tana hannun Dada. Ta huta yini ɗaya ta koma, don ruwa ya fara tsattsafowa, kuma in ya taru an gama. Ta ɗauko ta ƙarshe tana tsaye cikin ruwa har gwiwa.

Ranar komawa motar da za ta kai mu ta tsaya a bakin hanya, don ba ta iya shigowa har gindin tsamiyar. Samari suka kawo buhu za su kwashe ledojin su kai. Dada ta ɗaga sanda. Dijatu ta matso ta yi mata bayani a hankali, cewa yanzu kowace a ƙulle take, da lambarta, ko an zuba su buhu ɗaya babu abin da zai faru. Dada ta ce ta ji. Ta sunkuya ta ɗauki ta farko da hannu biyu, ta taka har mota, ta ajiye, ta dawo ta ɗauki ta biyu. Direba ya fara tsaki. Na buɗe baki, Dijatu ta taka mini ƙafa. Muka tsaya a rana muna kallon tsohuwa tana kai da kawowa da ɗingishi, leda ɗaya a kowace tafiya, har ta kwashe layin nan duka. Direban da kansa ya daina tsaki, ya fito ya riƙa karɓa yana jerawa yadda ta nuna masa.

Wanki ya ci sauran shekarar. A 2017 Dijatu ta gama, da ƙyar ta shiga kafin a rufe. Sau biyu ne tekun ta shigo. 'Yan wake a can ƙasa, sai 'yan kitso, sai baƙar lakar da babu kowa sai magina, sai 'yan wake suka dawo, sannan 'yan kitso suka sake cika wuri kafin ruwan ya tafi gaba ɗaya. Ta aro ƙaramin madubi daga makarantarsu ta kawo gida don Dada ta gani da idonta. Aka zaunar da ita, aka gyara, aka sake gyarawa. Yanar ido ta riga ta rufe mata gani, ta ce ita hazo kawai take gani. Dijatu ta fara yi mata bayanin yadda tekun ta shigo ta koma ta sake dawowa, Dada ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

«Ni ba wannan na tambaya ba. Babu wadda ta shiga cikin wata?»

«Babu, Dada. Ko ƙwaya ɗaya.»

Ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta ce in je in faɗa wa maƙwabta su shigo, tana da labarin da za ta gyara.